Shekara Guda da Rasuwar Inna, Ɗakinta Yana Kulle

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ta fito, 'yar unguwar Bagalam a nan Maraɗi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Gwaggo. Mahaifiyarmu ta rasu bara da kaka, bayan ta yi shekara 52 a ɗakin Babanmu. Mu bakwai ta bari, maza uku mata huɗu, da jikoki 26. Da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta taya Baba riƙon gida, kuma tun ina ƙarama kullum da magariba sai kwano uku sun fita daga gidanmu zuwa maƙwabta. Yanzu shekara ta kusa cika. Babban yayanmu da ke Yamai, wanda bai samu jana'iza ba, yana so a kafa rumfuna, a yanka sa, a fitar da anko, a buga kalanda mai hotonta, kowa ya kawo jaka 75. Ƙanenmu ya ce bidi'a ce, ko dala ba zai ba da ba. Sun daina gaisawa. Ɗakinta yana kulle tun bayan sadakar arba'in. Baba ya rage magana da cin abinci, mu kuma ba ma ambatonta a gabansa don kada mu tayar masa da hankali. Rannan ɗiyata 'yar shekara shida ta tambaye ni yadda muryar Inna take, na kasa ba ta amsa. Ina tsoron mu mance da ita muna ta rigima a kanta. Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Idan har yanzu hawaye na zubo miki in kin ji ƙamshin gyaɗa a kasko, ki bar su su zubo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Rigimar maza biyun nan ta cinye miki fiye da rabin takarda, amma ni wurin da na tsaya shi ne kwanonin nan uku. Gidajen wa suke zuwa? Tun da aka ɗauki Inna, wa ke kai su?

Ina tambaya ne don na san irin waɗannan mata, a hannunsu muka tashi. Tun kafin a kira assalatu ta hura wuta, ta ɗora kasko, tana juya gyaɗa da ƙoshiya har ta yi ja. Ta juye a tabarma ta murje, ta fece ɓawon a faifai, ta ɗora wa yarinya a ka a kai inji. In an dawo da niƙa ta zauna gaban turmi, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya taso ya kwanta a sama, ta kwalfe shi da ludayi cikin kwalba, ta mulmula tunkuzar ta soya. Kafin azahar an sayar, kafin la'asar kuɗin ya zama cefane, kuma a cikin cefanen nan akwai rabon tsohuwar bayan gida da ba ta da kowa, da almajirin da ke wanke kwanuka, da wata bazawara mai yara huɗu da ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina. Sau da yawa ko maigida bai san iyakarsa ba. Ranar da irin wannan mace ta rasu, ku 'ya'yanta kuna zaune kan tabarma ana yi muku gaisuwa, ba ku sani ba a wannan daren akwai gidan da aka kwana ana sauraren sallamar yaro da kwano, ba a ji ba.

Saboda haka aikin farko da zan ba ki, kafin maganar rumfa da sa, shi ne ki zauna da 'yan uwanki mata ku lissafa abin da ya tsaya ranar da Inna ta rasu. Ku tambayi yaran da take aika, su suka san ƙofofin. Ku tambayi ƙawayenta na biki da na adashe. Za ki sha mamaki. Za a ce miki akwai marayan da take biya wa kuɗin Laraba a makarantar allo, akwai wata 'yar uwa a ƙauye wajen Madarunfa da take aika wa zane duk sallah, akwai mai jegon da in ta haihu Inna ce ke dafa mata kunun kanwa. In kun gama, ku raba su tsakaninku, kowa ya ɗauki abin da zai iya riƙewa shekara da shekaru, ba abin da zai yi wata biyu ya gaji ba. Ke da kike kusa ki ɗauki kwano ɗaya. Yaya da ke Yamai ba zai iya kai tuwo ba, amma zai iya turo kuɗin buhun hatsi duk wata uku.

Wannan ba dabarata ba ce. Bayan Nana Khadija ta rasu, Manzon Allah ya kan yanka akuya ya yanyanka naman, ya ce a kai wa ƙawayen Khadija, kuma ya riƙa ambatonta har Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi kishi da ita, alhali ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Ranar da Hala, 'yar uwar Khadija, ta yi sallama a ƙofa, jin muryarta kawai ya tuna masa da marigayiyar, ya zabura. Abdullahi ɗan Umar kuma ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da aka ce masa abin ya yi yawa, sai ya ce mahaifin mutumin nan aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi na cewa yana daga mafificiyar biyayya ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ki duba, ba taro aka kira ba a duka biyun, mutanen da mamacin ke ƙauna aka bi har gida.

Sai ɗakin. A nan zan yi miki faɗa kaɗan, don ni ma na yi wannan kuskuren. Da tawa uwar ta rasu muka sa kwaɗo a ƙofarta, kowa na jin nauyin ya zama shi ne ya fara maganar kaya, kada a ce ya ƙosa. Damina biyu ta wuce. Ranar da muka buɗe, gara ta shiga akwatin ƙarfen ta wata 'yar tsaga a gindi, turamen zannuwan da take ta ɓoyo, wasu ko ɗinki ba a yi musu ba, na ɗaga na sama sai ya zube a hannuna kamar garin tuwo. A ƙasan akwatin muka tarar da ƙulli a tsumma, kuɗi ne na wata maƙwabciya da ta ba ta ajiya. Matar ta yi shekara biyu tana jin kunyar tambaya, tana ganin mu a hanya tana gaishe mu. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ku buɗe ɗakin Inna cikin wannan watan. Kayan da ke ciki ba nata ba ne yanzu, na magada ne, kuma akwai haƙƙin wasu a kai kafin naku. A fara da bashi. Mace mai sana'a da wuya a ce babu ciniki tsakaninta da mai gyaɗa a kasuwa, ko mai inji, ko zubin adashen da ta ɗauka ba ta gama biya ba. In tana cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka faro a nan jihar Maraɗi a 1991, ku je wurin shugabar ƙungiyarsu, akwai lissafi, za a gaya muku abin da take bi da abin da ake bin ta. Haka ma biki: kin san yadda yake a garin nan, abin da aka kawo mata ranar aurenki ko sunan ɗanki akwai ranar mayar da shi, kuma ƙawayenta ba za su taɓa zuwa su tuna muku ba. Ku ne za ku je ku ce, "Inna ta tafi, in akwai abin da ke tsakaninku a gaya mana." Wadda ta yafe, Allah ya saka mata. Wadda ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ku gane akwai magana.

Bayan bashi sai wasiyya, in ta bari, matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba. Sannan gado. Tunda ta bar 'ya'ya, Baba yana da rubu'i, wato kashi ɗaya bisa huɗu. In iyayenta ba su da rai, saura naku ne, namiji rabon mata biyu. Ku maza uku mata huɗu, kashi goma ke nan. Misali, in bayan an biya bashi dukiyar ta kama jaka 400, Baba ya ɗauki 100, sauran 300 kowace mace 30, kowane namiji 60. Ku kira malamin da ya san ilimin gado ya zauna da ku, a yi wa komai kuɗi, daga awaki da 'yan kunne har kwalla da tasoshin jere. Jikoki da ƙannenta ba su da kaso a nan, amma ba abin da ya hana ku, bayan kowa ya san nasa, ku ce wannan zanen a ba ƙanwarta, wannan carbin a ba jikar da ta fi yi mata hidima. Da yardar kowa dai, ba da kunya ba. Kuma ina ba ki shawara ki roƙi turmin nan da ludayin su faɗo cikin rabonki, ko da za ki bar zinariya.

Yanzu Baba, wanda shi ne ya fi ba ni tausayi a duk wasiƙar. Shekara 52 mutum ɗaya ke miƙo masa ruwan alwala, mutum ɗaya ya san yadda yake son furarsa, da tsami ko babu. Ku kun yi rashin uwa, kun koma gidajenku, akwai miji, akwai yara, akwai hayaniya. Shi ya koma ɗaki shi kaɗai. Mace in mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, mata na shigowa suna zama da ita, ana hira, ana kuka tare. Namiji kuwa bayan kwana uku an naɗe tabarma, ana sa ran ya koma masallaci da majalisa kamar ba abin da ya faru, in ma an tanka sai a ce masa ya ƙara aure. Ku kuma da kyakkyawar niyya kun ɗauke sunanta daga gidan ɗungurungum. Kuna tsammani kuna kare shi daga tunani ne? Tunanin na nan tare da shi dare da rana, abokin yin sa ne ya rasa.

Kada ki je ki ce, "Baba, ba mu labarin Inna." Dattijon Bahaushe ba zai iya ba, kunya za ta hana shi, wataƙila a duk zamansu bai taɓa kiran sunanta a gabanku ba. Ta gefe za ki bi. Ki dama fura ki kai masa da kanki da hantsi, ki zauna a bakin tabarma, ki ce, "Baba, wai shekarar da aka yi fari, lokacin Yaya na goye, yaya kuka yi da abinci?" Aurensu ya faɗo daidai farin 1973 da 1974, wanda ya karya noman gyaɗar da Maraɗi ta yi suna da shi. Sun ga yunwar 1984. Sun ga watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa, kaya suka yi tsada dare ɗaya. Sun ga 2005, shekarar da jihar nan ta ji jiki ƙwarai. Duk ɗaya daga cikin waɗannan shekaru akwai abin da Inna ta sayar, ko ta ɓoye, ko ta haƙura da shi don ku ci, kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san shi. Ki tambaye shi shekarar, zai ba ki labarin matar. In ya yi shiru ya juya fuska, kada ki yi saurin canja magana, ki bar shi ya gama. In kuma rashin cin abincin ya ci gaba, ko yana ramewa, ko ba ya barci, ku kai shi likita a duba shi, kada a ɗora komai a kan tsufa da kewa.

Ki sa wayarki ta ɗauki muryarsa, da izininsa. Haka za ki yi da ƙanwar Inna da tsofaffin ƙawayenta. Su ne za su gaya miki wadda ba ki sani ba, Inna tana budurwa, Inna amarya, Inna mai tsiwa kafin haƙuri ya zo. Ku kun san ta ne a uwa kawai. Kuma kada ku tace labarin ya zama na waliyyiya. In tana da faɗa a kan wanda ya bar murfin randa a buɗe, a faɗa. In akwai kalmar da take yi wa wanda ya yi ƙiwa, a faɗa a yi dariya. Yaro ba ya riƙe "mace ce mai haƙuri da kirki", don haka ake cewa a kan kowace mamaciya. Abin da zai riƙe shi ne kakarsa tana kiran sa maigida tana cewa bai kawo kuɗin cefane ba, ko tana kiran jikarta kishiya tana ɓoye mata ƙuli a gefen zane.

Maganar muryarta kuwa, ki bincika kafin ki yanke ƙauna. A zamanin nan da wuya a ce tsohuwa mai 'ya'ya a Yamai ba ta taɓa aika saƙon murya ta WhatsApp ba, ko ba a ɗauke ta a bidiyon wani suna ko biki tana sa albarka ba. Ki tambayi Yaya musamman, mai yiwuwa wayarsa cike take da su, yana saurare shi kaɗai. A tattara, a adana a wuri fiye da ɗaya, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Sannan ki zaunar da ɗiyarki ki kunna mata.

To, sai mazan nan biyu. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci a kan taron cikar shekara ba. Saɓanin malaman garin nan a kan sadakar uku da bakwai da arba'in ya girme ki, kuma ba a tsakar gidanku za a ƙare shi ba. Amma akwai inda duka ɓangarorin suka haɗu: addu'ar ɗa tana isa ga mahaifiyarsa, sadaka ma tana isa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu ɗan Ubada, mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, kamar dai Yaya, ya zo ya tambayi Annabi ko zai amfane ta in ya yi sadaka a madadinta. Aka ce masa e, ya ba da gonarsa ta dabino.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: anko da kalanda a bar su. Anko na biki ne, kuma zai sa 'yan uwa marasa hali cin bashi don kada a ga ba su sa ba. Kalanda kuwa, ni da idona na ga fuskar wata Hajiya da na sani an naɗe tsire da ita a bakin tasha, ga ayar Alƙur'ani a saman hoton, mai ya jiƙa ta. Jaka 75 sau bakwai jaka 525 ke nan. Ki je kasuwa ki tambayi kuɗin jar akuya, irin tamu ta Maraɗi mai yawan haihuwar tagwaye, ki lissafa nawa za a samu. A ba matan da Inna ke ciyarwa kiwo irin na habbanaye, in ta haihu su riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce gidan gaba. Ko a duba makarantar allon unguwa, in ba su da ruwa a ja musu famfo. Wanda ba shi da 75 ya kawo abin da yake da shi, ba tare da an karanta sunansa a gaban mutane ba.

Sai dai kada ki tunkari Yaya da cewa taronsa almubazzaranci ne. Mutumin da ya taso daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta, akwai abin da ke cin sa wanda bai gaya wa kowa ba. Rumfunan nan da yankan sa, jana'izar da bai samu ba ce yake son yi. Ki ce masa ya zo, a tara 'ya'ya da jikoki a gida, a dafa abin da Inna ta saba dafawa, a kai wa maƙwabta da almajirai, shi da ƙannensa maza su raka Baba ziyarar kabarinta. Ba sai ranar ta dace da ranar rasuwar ba, a sa ta lokacin hutun 'yan lakwal don yara su samu zuwa, kin ga ƙanenku ba shi da abin cewa. Shi kuma ƙanen a tuna masa, cikin lumana, hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, don wanda ya kiyaye maganar bidi'a bai kamata wannan ya wuce shi ba. Ba ke za ki faɗa musu ba, ke ƙanwa ce ga ɗaya, kuma ɗayan zai ce kin ɗauki ɓangare. Ki je wurin ƙanwar Inna ki zayyana mata komai, ita ta kira su. Annabi ya ce 'yar uwar uwa tana matsayin uwa, kuma na tabbata in ta ce "ku zo ina neman ku" da irin muryar gidansu, ba wanda zai ce yana da aiki.

Amma duk wannan zai ɗauki makonni. Abin da za ki iya yi yau shi ne ki ƙara gari a tukunyar dare. In tuwo ya sauka ki zuba a kwano, ki sa miya, ki rufe da faifai, ki kama hannun ɗiyarki ku je gidan farko cikin ukun nan da ƙafarku. In an tambaya daga ina, ki ce daga gidan Inna. Ki zauna kaɗan, ki bar matar ta yi magana, yarinyar na ji.